Shafin da Ya Gaida Baba da Turanci

Ku zauna in gaya muku wannan da bakina, tunda na ga labarin ya fara karkacewa a hannunku. Ran sunan ɗiyar Hadiza ina ɗaki ina jin ku a tsakar gida, kuna cewa wai babanku ne ya hana ni tafiya aiki Kaduna, wai da ba don shi ba da a can kuka tashi. Haba jama'a! Malam Garba bai taɓa hana ni komai ba a zamanmu, in ban da yawan yaji a miya, shi ma ban bari ba. Ni na ajiye aikin nan da kaina, idona biyu, kuma dalili shi ne kakanku, mahaifina, da wata waya da aka yo masa tsaraba daga Makka.

Lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina budurwa, na samu aikin buga tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma a nan Yelwa. Da aka kawo kwamfuta ofishin, sai aka lulluɓe ta da ƙyalle, kowa ya wuce ya rage murya kamar akwai marar lafiya a ɗakin. Ni kuwa kun san ni da shisshigi. Na yaye ƙyallen, na yi ta latse-latse har ta saba da ni. Daga baya na buɗe ɗan shagona kusa da tasha, ina buga wa mutane takardu, kuma a nan ne, da naci da tambaya da ɓata lokacin mutane, na koyi yadda ake gina shafin intanet. Kuna ƙanana a lokacin, abin da kawai za ku tuna shi ne tuwon dare yana makara.

Baba Bagunge ne, a gungu aka haife shi, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Da aka datse ruwa a Kainji gungun nasu ya nutse, aka kwaso su aka zuba a gidajen da aka gina musu kusa da Warra. Ni ban taɓa ganin gungun ba. Shi kuwa yana ɗauke da shi a kansa kaf: tsamiyar da ake ɗaure jirage, dutsen da mata ke wanki, gurbin da giwan ruwa ke kwanciya in ruwa ya ja, gidan wane yana kallon gidan wane, da inda aka rufe kowa. Sa'o'insa duk sun tafi, shi kaɗai ya rage, ga tari ya sa shi gaba. Sai na riƙa hawa mota duk ƙarshen mako ina zuwa da ƙaramar rakoda. Ya faɗa da Gunganci, ya sake faɗa da Hausa, ni kuma in dawo in buga. Da ƙyar ya yarda tun farko, kuma saboda ku ya yarda, don ya ga ko gaisuwa da Gunganci ba ku iya mayarwa. A cikin labarin mun faro daga kudancin gungun muna hawa gida-gida. Mun iso tsakiya ke nan, wajen tsamiya, sauran unguwar arewa inda gidansu yake da kabarin mahaifiyarsa, sai ga Injiniya Sabo.

Injiniya Sabo ma'aikacin wata ƙungiya ce a Kaduna mai tattara tarihin garuruwan da ruwa ya ci. Mutumin kirki ne, kada in ji wani a cikinku ya zage shi. Ya shigo shagona yin hoton takarda, ya ji muryar Baba tana fita daga kwamfuta, ya tsaya cak. Kafin ya bar Yelwa ya ce za su ɗora aikin a intanet da Hausa da Turanci da Faransanci, ni zan gina shafin a kan tsarinsu, in ya yi kyau kuma akwai kujera tana jirana a ofishinsu, har da gida. Wallahi na yi murna, ba zan ɓoye muku ba. Har na fara kallon tukwanena ina zaɓen waɗanda za su bi ni.

A cikin tsarin nasu akwai wata dabara da ta burge ni ƙwarai. Duk sanda mutum ya buɗe shafi, burauzar da ke wayarsa ko kwamfutarsa, wato manhajar da ke buɗe shafuka, takan yi wa shafin raɗa tun kafin ya bayyana, ta ce mai wannan na'ura harshe kaza ya fi so, in babu shi a ba shi kaza. Daga saitin na'urar take ɗauko wannan. Shafin sai ya saurara, ya fito da harshen da aka ambata ba tare da an tambayi kowa komai ba. In kuma harshen da aka nema ba ya cikin waɗanda shafin ke da su, sai ya koma Turanci. Na gwada a kwamfutata, wadda ni da kaina na saita ta a kan Hausa tun tuni, shafi ya fito da Hausa tas. Na sauya ta zuwa Faransanci, ya bi. Na kira babanku ya zo ya gani.

"To, abin naki har duba yake yi?" in ji shi. "Ki tambaye shi mana inda na ajiye hulata."

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa Warra da labari. Baba yana kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida, maƙwabta sun kewaye shi, don Inna, kakarku, ta riga ta shelanta cewa yau gungu zai fito a waya. Har Mama Saratu, matar limamin cocin unguwar, ta zo da kujerarta, ita ma iyayenta mutanen gungun ne. Baba ya yi yaƙi da jahilci da girmansa, yana karanta Hausar boko a hankali, yatsa a kan layi, kuma yana ji da wannan karatu nasa. Ya ciro wayarsa daga aljihu, wadda yayana ya kawo masa daga aikin Hajji, ya ce a tasa za a buɗe. Na buga adireshin na miƙa masa ina washe baki. Ya kai ta kusa da ido, ya ɗora yatsa, leɓensa ya motsa, ya tsaya. Ya sake farowa daga farkon layi. Sannan ya ɗago.

"Asabe, wanga ba Hausa ba ne."

Na karɓa na duba. Ga hoton Baba, ga sunansa, amma daga sama har ƙasa Turanci. Nan take na gane abin da ya faru. Wayar Makka ce, a kan Larabci take tun daga shago, ta raɗa wa shafin Larabci, shafin ba shi da Larabci, ya koma Turanci. Na ce a ba ni wata. Ta Mama Saratu, Turanci. Ta mai shayi, Turanci. Ta wani direban jirgin ruwa da ya saya a bakin iyaka, Faransanci, mutumin da in ka ce masa sannu da Faransanci sai ya waiga ya ga da wa kake. Duk wayoyin da ke gindin bishiyar nan babu ko ɗaya da ta nemi Hausa. Ina za ta nema? Mu nan wa ke saita wayarsa? Ka saya a tasha, mai shago ya sa maka layi, ya nuna maka kore da ja, shi ke nan. Harshen da ta zo da shi daga inda ta fito, da shi za ta mutu. Gunganci kuwa ko sunansa babu a cikin harsunan da waya ta sani.

Na fara bayani, ina cewa ai laifin saiti ne, ga wani ɗan wuri can ƙasa da za a latsa. Baba ya ɗaga mini hannu.

"Haka sunka zo muna wancan karon," ya ce. "Masu awon ruwa. Sunka tsaya bisa gungunmu suna magana da Turanci bisa kawunanmu, mu muna tsaye kamar tumaki, sai abin da tafinta ya ga dama ya hwaɗa muna. Na ce waɗannan baƙi ne. Yau kuma ɗiyata ta ɗauki gungun ta kai inda in na zo ƙofa, ni, sai a gaishe ni da Turanci."

"Baba, ba ni wayar, yanzun nan zan mayar da ita Hausa."

"Ki gyara tawa. Ta Saratu hwa? Ta jikokin Ɗanjuma da ke Legas hwa? Bi za ki yi gida-gida?"

Ya mayar da wayar aljihu. Da na ciro rakoda don mu ci gaba daga tsamiya, ko kallonta bai yi ba. Ya ce abin da ya faɗa ya faɗa, saura kuma zai tafi da shi inda ake jin harshensa. Na san Baba. Bai iya fushi mai hayaniya ba, amma in ya rufe baki, to ya rufe. Na shiga motar Yelwa ina jin tarinsa a kunnena, na yi kuka har mai kusa da ni ta tambaye ni wa ya rasu.

Na kira Injiniya Sabo na gaya masa. Ya saurara da kyau, ya kuma ba ni amsa mai hankali, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce haka ake yi ko'ina a duniya. Ya ce masu ba su tallafi daga waje suke buɗe shafukan, in suka ci karo da harshen da ba su sani ba rufewa za su yi. Ya ce garuruwa da yawa ke kan tsarin nan, ba za a karya shi saboda gari ɗaya ba.

"Hajiya, ki koya wa mutanenki su gyara wayoyinsu mana. Abu ne na minti ɗaya."

"Ranka ya daɗe, mutanen nan an taɓa tashinsu daga gidajensu don a gyara wa wasu zama. Ba zan ce su sake gyara kansu kafin su shiga nasu ba."

Na faɗa da zafi, na sani, har babanku da ke gefe ya riƙa yi mini alama da hannu in sassauta. Amma gaskiya ko ni a lokacin ban san abin da nake so a yi ba. In na cire dabarar gaba ɗaya, Bature ko Bayarabe da ya zo da kyakkyawar niyya zai tsaya a ƙofa shi ma, kuma Baba bai taɓa korar baƙo ba.

Mako na gaba na koma Warra ran kasuwa, ba don komai ba sai don in ga ko ya huce. Bai huce ba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya ci gaba da ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Sai na bi Inna rumfarta, na zauna a bayan kwandunan banda ina kumbure-kumbure. Kun san kasuwar Warra, jirage na sauke mutane daga kowace gaɓa: Gungawa, Kambari, Fulani, Nufawa, Yarbawa masu sayen kifi. Tun ina yarinya nake ganin Inna tana ciniki da su, ban taɓa lura da yadda take yi ba sai ran nan da ba ni da abin yi. Wata mata ta nufo mu da ƙwarya a kafaɗa, yadda matan Kambari ke ɗaukar kaya. Na ɗauka Inna za ta tare ta da Kambarci, tunda tana ji. A'a. Sai ta ce mata sannu da zuwa da Hausa, sannan ta ɗan jefa kalma ɗaya ta Kambarci a ƙarshe, ƙasa-ƙasa. Matar ta yi dariya ta cafke, suka zarce. Can wata ta zo, ita ma kaya a kafaɗa, Inna ta yi mata haka, ita kuwa ta amsa da Hausa ta share kalmar. Inna ba ta sake ba, suka gama cinikinsu da Hausa. Na tambaye ta me ya sa ba ta fara da harshensu kai tsaye, tunda ga alama a fili.

"Ke, ƙwaryar ta aro ce ko tata, na sani? Wata a birni ta tashi, wata aure ya kawo ta cikinsu. Rumfata ce, da nawa nika gaisuwa. In miƙa mata nata kaɗan, in ta so ta ɗauka."

"In ta dawo wani mako fa?"

"In ta dawo ai na san ta. Sai in sake tambaya kamar wata marar hankali? Matsa min da ƙafarki, kin tare wa mutane kifi."

Ita ta manta da maganar kafin la'asar. Ni kuwa a motar komawa na gama gina shafin a kaina. Zai buɗe da Hausa ga kowa, ko daga ina wayarsa ta fito, don ƙofar gidan Baba ce. Raɗar burauza ba zan yar da ita ba, amma ba ita za ta yanke hukunci ba. In ta ce Turanci ko Faransanci, sai ɗan layi guda ya fito a sama da wannan harshen, yana cewa in ka fi son wannan, taɓa nan. Wanda ya taɓa, shafin ya riƙe, gobe in ya dawo ba a sake tambayarsa. Gunganci kuma, tunda waya ba ta san da shi ba balle ta nema, sai na sa shi inda ba ya bukatar a nema. A cikin rakodin farko akwai inda Baba ya gaishe ni kafin mu fara, irin gaisuwar da mai gida ke yi wa wanda jirginsa ya taɓa gaɓa. Na yanko ta na ɗora a ƙofar shafin.

Na aika wa Injiniya Sabo. Ya ce ya yi kyau, har ya ce ya taɓa masa zuciya, amma ba zai shiga tsarinsu ba, kuma kujerar Kaduna ta mai aiki da tsarinsu ce. Ya ba ni lokaci in yi tunani. Na yi tunanin kuwa, kada ku ɗauka ban yi ba. Na tuna makarantun da za ku shiga a can, na tuna shagona da ke yoyo duk damina. Na tambayi babanku ra'ayinsa, ga abin da ya ce, ku riƙe shi da kyau tunda shi kuke ɗora wa laifi:

"In kin ce Kaduna, gobe zan nemi canjin makaranta in bi ki. In kin ce nan, nan ɗin. Amma Kaduna tana nan ba inda za ta. Tsohon nan kuwa ban sani ba."

Na kira Injiniya na yi masa godiya, na ce a ba wani kujerar. Muryoyin dama nawa ne, na ɗora shafin da kaina a wani ɗan wuri mai araha. Tukwanen da na ware na mayar da su cikin 'yan'uwansu.

Na koma Warra da safe, ban gaya wa kowa ba, ban tara jama'a ba. Baba yana gindin darbejiya, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya ara mini wayarsa. Ya ce in dai gyara ta zan yi, a'a. Na ce wallahi ba zan taɓa saitinta ba, yadda ta zo daga Makka haka za ta zauna. Na buga adireshin na miƙa masa. Ya kai ta kusa da ido, ya ɗora yatsa, leɓensa ya fara motsi, wannan karon bai tsaya ba. Ya karanta sannu da zuwa, ya karanta sunan gungun, ya karanta sunansa da na mahaifinsa. Sannan yatsan nasa ya sauka a kan hotonsa, sai murya ta fito, tasa, da Gunganci, tana yi masa barka da isowa gaɓa.

Kafin ya ankara ya amsa. Cikakkiyar amsa, da ɗan sunkuyar da kai, yadda ake amsa wa babba. Inna da ke bakin ƙofa da tsintsiya ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tsoho, kanka kake gaisarwa?"

"An gaishe ni, in yi shiru?" ya ce, yana goge ido da bakin riga. Ya juyo gare ni. "In Bature ya zo hwa?"

Na ciro wayar babanku da na aro, wadda ke kan Turanci, na nuna masa ɗan layin Turancin a sama. Ya dube shi ya jinjina kai, ya ce madalla, baƙo ba a barinsa tsaye. Ya juya yana kallon wajen tafkin da ya ci gungun. Can ya ce:

"Ina abin naki mai ɗaukar magana? A tsamiya munka tsaya. Daga nan in kin yi arewa, gida na farko na Ɗanjuma ne, mai jirgin da ke shan ruwa."

Mun gama unguwar arewa kafin ruwan sama ya ɗauke. Mun shiga gidansu ɗaki-ɗaki, ya nuna mini inda mahaifiyarsa ke shanya kifi, ya kai ni har kabarinta, ya faɗi bishiyar da ke kansa. Sanyin shekarar bai fita da shi ba, Allah ya jiƙansa da rahama.

To kun ji. Ban zama babbar ma'aikaciya ba, a shagon tasha na tsufa, kuma kun yi karatunku a nan Yelwa, ga ku nan ba wanda ya lalace. Wani lokaci in na je Kaduna biki nakan kalli dogayen gidajen nan in ce da yanzu ɗaya nawa ne, sai in sayi tsarabata in hau mota in dawo, barcina lafiya lau. Kai Bashir, da kake ta cewa shafin ya tsufa za ka sabunta shi, sabunta, na ba ka. Sauya launi, sauya hotuna, ƙara harsuna in kana so. Amma ƙofar nan ka bar ta yadda take, kada ka bari waya ta zaɓa wa mutum harshen da za a tare shi da shi a gidan kakansa.

Kuma ina lura da ku in kun buɗe. Muryar tana fitowa, ku kuna zaune shiru kamar rediyo kuke ji. Amsar ba ta da tsawo, na koya wa Hadiza, ta koya muku. Ni har yau duk safiyar da na buɗe shafin sai na amsa. Kakanku ne ke gaishe ku, ku amsa masa.